Idan An Tsokane Ka: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kamunkai Ga Kiristocin Zongo a Accra

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa a zumuntar matasa da ta mata, a wurinmu masu sujada da Hausa a Nima, Maamobi, Sabon Zongo da Madina. Wasu a takarda ake rubuto su ba suna, wasu kuma sai an tashi daga sujada a ja mutum gefe a yi masa su. Na gyara lafazinsu, na cire duk abin da zai sa a gane mai tambaya. Ayoyin da na ambata ma'anarsu na kawo da bakina, kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba da idonsa.

Shin fushi zunubi ne?

Ba kowane fushi ba. Markus 3:5 ya ce Yesu ya dubi mutanen majami'a da fushi saboda taurin zuciyarsu, abin da ya biyo baya kuwa shi ne warkar da mai shanyayyen hannu. Bulus ma a Afisawa 4:26 bai ce kada ran mutum ya ɓaci ba. Cewa ya yi in kun yi fushi kada ku yi zunubi, kada kuma rana ta faɗi kuna riƙe da shi. Zuciya takan tashi ba tare da neman izininka ba, amma abin da baki da hannu suka aikata bayan ta tashi, wannan a wuyanka yake.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Yawancin fushinmu ba irin na Yesu ba ne, na "an raina ni" ne. In kana so ka gane wanne ne naka, tambayi kanka ko da maƙwabcinka aka yi wa wannan abin, ranka zai ɓaci haka? In amsar a'a ce, to ba gaskiya kake karewa ba, girmanka kake karewa, kuma Yakubu 1:20 ya riga ya ce fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah.

Ni ba na rama magana, shiru nake yi. Ba kamunkai ke nan ba?

Ya danganta da abin da kike yi da maganar bayan kin yi shirun. Akwai mai shiru da ya bar abin ya wuce, akwai kuma mai shiru da yake tarawa. Ta biyun za ki gan ta wata shida ba ta gaisa da maƙwabciyarta ba, ta hana 'ya'yanta shiga ɗakinsu, ran Lahadi kuma ta sauya benci. Ba ta zagi kowa ba, amma gaba take yi.

Absalom ya yi irin wannan shirun. A 2 Sama'ila 13, bayan ɗan'ubansa Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, Absalom bai ce masa uffan ba, mai daɗi ko marar daɗi, har shekara biyu. Da shekara biyun suka cika sai ya shirya biki ya sa aka kashe shi. Littafin Firistoci 19:17 kuwa ya haɗa abu biyu wuri ɗaya: kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciya, ka faɗa masa laifinsa a fili. Kamunkan da Galatiyawa 5:23 ta lissafa cikin 'ya'yan Ruhu ba ya hana ki magana. Abin da yake ba ki shi ne ikon zaɓen lokacin da za ki yi ta, da wurin, da muryar da za ki yi ta da ita.

Yesu ya ce a juya ɗaya kumatun. To in tsaya a yi ta duka na ke nan?

Wannan ita ce tambayar da samari suka fi yi, kuma da ɗan zafi suke yin ta. Matiyu 5:39 ya ambaci kumatun dama. Masu nazari da yawa sun lura cewa mai amfani da hannun dama, in zai mari wanda yake fuskantarsa a kumatun dama, da bayan hannu zai yi, wato marin wulaƙanci, irin wanda ake yi wa wanda aka raina. Maganar tana kan ramuwar cin mutunci ne. Ba a ce in ɓarawo ya zaro wuƙa ka miƙa masa wuya ba, ba a kuma ce ka naɗe hannu ana dukan ɗanka ba.

Dubi yadda shi mai maganar ya yi da aka mare shi. A Yahaya 18:22-23, wani dogari ya mari Yesu a gaban Hanana, tsohon babban firist. Bai rama ba, bai zagi kowa ba, amma bai yi shiru ba. Ya ce in mugun abu ya faɗa a kawo shaida, in kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi? Bulus ma haka. A Filibi an yi musu bulala shi da Sila ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku, washegari mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ce sam, su Romawa ne, sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su, suka kuwa zo suna ba da haƙuri (Ayyukan Manzanni 16:35-39). A Urushalima kuma, an riga an ɗaure shi za a tsala masa bulala, ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a bulali Barome ba a yanke masa hukunci ba. Nan take aka janye.

Saboda haka kana da damar kauce wa duka, ka tare hannu, ka gudu, ka kira jama'a, ka kai ƙara. Abin da aka karɓe daga hannunka shi ne ramuwa, wato ka sa shi ya ɗanɗani abin da ka ɗanɗana, har da ƙari. Romawa 12:19 ta ce wannan na Allah ne.

A daidai lokacin da jinina yake tafasa, me zan yi?

Mu ɗauki abin da kowa ya sani. Ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga Circle za ka Madina, rana ta take, an yi rabin awa a cunkoso. Ka ba yaron mota sidi ashirin, ya ce ka jira canji. Da ka tuna masa sai ya ce sidi goma ka ba shi, ya ƙara da wata magana da harshen Twi wadda ta sa na bayanka suka kwashe da dariya. Kunnuwanka sun yi zafi, ka ji muryarka ta fara hawa, hannunka ya dunƙule a kan gwiwa.

Jiki yakan riga baki sanarwa, don haka fara da jikin. Buɗe hannun nan da ya dunƙule. Ja numfashi a hankali sau biyu ko uku kafin ka ce komai. In a tsaye kake kuma da wurin zama, zauna. Sannan ka sauke murya ƙasa da tasa, ka tsaya a kan abu ɗaya: "Ɗan'uwa, ashirin na ba ka, duba hannunka." Kada ka taɓa uwarsa, ko ƙabilarsa, ko sana'arsa. Da zarar ka ce masa ɓarawo, maganar canji ta mutu, an koma maganar mutunci, shi ma kuma yana da nasa 'yan kallon. Karin Magana 15:1 ta ce amsa mai taushi takan kwantar da hasala, kuma ko a motar haya haka abin yake. Sau da yawa wata uwa a kujerar gaba ce za ta juyo ta ce ta ga takardar da ka bayar. Mutane sukan tsaya wa wanda bai ɗaga murya ba.

In ya kafe, kana da zaɓi biyu: ka gaya wa direba ko shugabannin tasha in an isa, ko ka bar masa. Sidi goma ba ta kai kuɗin ɗinkin goshi ba, balle kwana a ofishin 'yan sanda. Addu'a a irin wannan lokaci ba ta bukatar rufe ido. "Ubangiji, riƙe bakina" ta isa.

In na juya na tafi, za a ce ni matsoraci ne. A unguwarmu in aka raina ka sau ɗaya, shi ke nan.

Na san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga saurayin da kullum sai ya wuce ta gaban majalisar samari ana shan shayi. Amma ka lura, rabin faɗan da ake yi ba don wanda ya yi zagin ake yi ba, don masu kallo ake yi. Su ne masu cewa "kai, ka ƙyale shi?" Su ne kuma ba za ka gani ba ranar da ake neman wanda zai tsaya maka beli.

Karanta 1 Sama'ila 25. Dawuda ya aiki samarinsa wurin Nabal, mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, su roƙi abinci, tun da sun tsare masa makiyaya a jeji. Nabal ya ce wane ne Dawuda, ai bayi masu gudu daga iyayengijinsu sun yi yawa a zamanin nan. Dawuda ya ce kowa ya rataya takobi, ya tashi da mutum wajen 400, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya da rai ba kafin safiya. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, a sura ta 24, wannan Dawudan ya sami Sarki Saul a kogo, mutumin da yake farautar ransa, ya ƙi taɓa shi. Ya iya da mai neman kashe shi, amma baƙar magana ɗaya daga bakin wawa ta kusa sa shi kisan kiyashi. Abigel, matar Nabal, ita ce ta tare shi a hanya da gurasa 200 da sauran kaya, ta tuna masa cewa wata rana zai zama sarki, kada ya hau gadon da alhakin jini a zuciyarsa. Dawuda ya gode wa Allah da ya aiko ta. Bai sauko daga komai ba don ya juya, mutum 400 ɗin nan kuma ba su daina binsa ba.

Mutanen unguwa ba wawaye ba ne. Sun san bambancin wanda ya tafi don tsoro da wanda ya tafi don ya fi ƙarfin abin. Na biyun ne ake kira in ana neman mai raba gardama, shi ake ba ajiyar kuɗin adashi. Karin Magana 16:32 ta fifita mai mallakar zuciyarsa a kan wanda ya ci birni da yaƙi.

Gidan haya muke, maƙwabciyata kullum habaici. Ga rigimar mita, ga ta ruwa, ga ta shara. Na gaji.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ɗaki goma sha, mita ɗaya, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, igiyar shanya biyu: ko mala'iku aka zuba a irin wannan gida sai an ji kansu. Abin da na lura shi ne yawancin wannan rigima ba ta hali ba ce, ta lissafi ce. Wuta ta ƙare da daddare, mai firiji da dutsen guga ta ce a raba kuɗin daidai da mai ƙwan fitila ɗaya da fanka. An jera galan a famfo tun asuba, wata ta zo ta tura nata gaba. Irin wannan addu'a kaɗai ba ta warware shi, sai an zauna an rubuta: kowane ɗaki da kayan wutarsa da abin da zai biya, ranar sharar kowa, wa yake karɓar kuɗi. A manna a bango. Takarda ba ta da murya, ba a yi mata fushi kamar yadda ake yi wa mutum.

Habaici kuwa, wanda ba a kira sunanki ba, ba dole ki amsa ba. Ta tsaya a tsakar gida tana waƙa tana wanki, tana jiran ki leƙo ki ce "da wa kike?" Wannan tambayar ce take nema, kada ki ba ta. Amma kada ki tsaya nan. Matiyu 18:15 ya ce ki same ta ke da ita kaɗai. Ba a tsakar gida ba, ba a gaban yara ba, ba kuma ranar da aka yi abin ba. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce, "Yaya, na ga kamar akwai abin da na yi miki. In akwai, gaya mini." Wani lokaci za ki tarar ɗanki ne ya zubar mata da ruwa tun watan jiya ba ki sani ba. In ta ƙi, ki tafi da mutum ɗaya ko biyu da take jin nauyinsu. Tun da ba lalle ikkilisiyarku ɗaya ba, ko ma addininku, wannan mutum yana iya zama maigida, ko tsohuwar gidan, ko matar liman.

Akwai kuma lokacin barin wuri. Ishaku a Farawa 26 ya haƙa rijiya, makiyayan Gerar suka ce tasu ce, ya bar musu. Ya haƙa ta biyu, suka sake tasowa, ya sake matsawa. Sai a ta uku ya sami sarari, daga baya kuma Abimelek, sarkin Gerar, da kansa ya zo neman alkawarin zaman lafiya da shi. Na san a Accra tashi daga gida ba wasa ba ne, ga kuɗin shekara ɗaya ko biyu da masu gida suke nema a dunƙule, ko da yake Dokar Haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Amma in zaman ya kai ga yaranki suna koyon ashar, fara tara kuɗin tashi ba faɗuwa ba ce. In kuma da maigidan ne rigimar, akwai ofishin gwamnati mai kula da sha'anin haya, can ake kai ta, ba a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ba.

Idan aka zagi addinina fa? An ce mini arne, an yi wa Yesu ba'a. Nan ma shiru?

Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana, Musulmi kuma kusan kashi 20. A zongo lissafin a juye yake, mu ne 'yan kaɗan, kuma da yawa cikinmu muna da kawu ko ƙanwa ko suruki Musulmi. Yawancin kwanaki lafiya lau muke, ana aiko mana da naman layya, mu ma muna aika shinkafar Kirsimeti. Amma ba a rasa mai bakin da zai jefo kalma.

Almajirai ma sun taɓa jin wannan zafin. A Luka 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka ce a ba su izini su kira wuta daga sama. Ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. A Getsamani Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu ya ce ya mai da shi kube, ya kuma warkar da kunnen. Sau biyu aka nemi kare shi da ƙarfi, sau biyu ya hana. Ubangiji ba ya bukatar ƙulli na ko naka.

In tambaya ce ta gaskiya, ko da da gatse aka yi ta, 1 Bitrus 3:15 ta ce ka kasance a shirye ka ba da dalilin begenka, da tawali'u da ladabi. In neman rigima ne, 2 Timoti 2:23 ta ce ka guji gardamar wauta. "Malam, ni Kirista ne, ba na jin daɗin wannan sunan" ta wadatar, sai ka ci gaba da abin da kake yi. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ka rama da zagin abin da yake girmamawa. Wannan ba ya tsayawa tsakanin mutum biyu.

Ka kuma tuna wanda ya zage ka ba shi ne Musulmin Ghana duka ba. Ranar Ista ta 2019, Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a nan Accra ya zauna cikin jama'a ana sujada. Ƙasar nan kuma tana da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2011 ta kafa, da shugabannin addinai a cikinta. In abu ya fi ƙarfin mutum biyu, a kai wa fasto da liman da sarkin zongo tun bai yi nisa ba.

Mu fa, ba ma tsokanar kowa?

Muna yi, ba ma dai kiransa tsokana. Lasifika a waje har ƙarfe uku na dare a kwanan addu'a, alhali bayan bangon akwai jariri da mai jinya da direban da zai tashi da asuba. Mai wa'azin da zai tsaya daf da masallaci yana suka. Ko lokacin da sarakunan gargajiya na ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, suke hana kiɗa da hayaniya na kusan wata ɗaya kafin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni: a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 an yi ta arangama tsakanin matasan Ga da wasu coci-coci a kan wannan, har da raunuka da fasa kaya. Yanzu hukumar birni takan fitar da ƙa'ida kowace shekara, a yi sujada a cikin gini, ban da lasifika a waje. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba mu 'yancin addini, ba wanda ya musa. Amma ban ga inda rage ƙarar ganga na wata ɗaya ya rage wa Allah ɗaukaka ba. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa, maɓallin lasifika kuwa a hannunmu yake.

Ba a cika zuzuta abin ba? Cacar baki ce kawai.

Mutanen arewacin Ghana da ke cikinmu sun san 1994. Rikicin da ya haɗa ƙabilun Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gonja ya ci rayuka fiye da 1,000, ƙauyuka da yawa suka ƙone, dubban mutane suka bar gidajensu. Tushensa tsohuwar jayayya ce ta ƙasa da sarauta, amma abin da ya kunna shi gardama ce a kan zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, shi ya sa har yau ake ce masa yaƙin zabo.

Mutanen Nima kuma ba su manta 9 ga Mayu 2001 ba. A wasan ƙwallon ƙafa, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2-1 a filin wasa na Accra, 'yan kallon da ransu ya ɓaci suka fara ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, ƙofofi a rufe. Fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsitsin, da yawansu 'yan zongo. Fushi ya gamu da martanin da ya wuce kima, waɗanda suka mutu kuma yawancinsu ba su jefi kowa ba. Karin Magana 17:14 ta kwatanta farkon faɗa da ɓallewar ruwa, ta ce a bari tun bai ɓarke ba.

Mijina yana duka na. An ce in yi haƙuri, in yi ta addu'a.

'Yar'uwa, wannan ba ya cikin abin da muke magana a kai, kuma duk wanda ya karanta miki ayar kumatu a kan wannan ya karanta ta ba daidai ba. Wanda ya rasa kamunkai a gidan nan mijinki ne, shi ya kamata a zaunar a karanta wa Afisawa 5:25 da Kolosiyawa 3:19. Da Saul ya jefi Dawuda da mashi, Dawuda ya kauce ya bar gidan a daren, ba wanda ya ce ya yi rashin bangaskiya.

Ki fara da tsira da lafiyarki da ta yara. Ki gaya wa wani babba da kika amince da shi, ki je asibiti in akwai rauni, ki ajiye takardun. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta haramta wannan, kotu kuma tana iya ba da umarnin kariya. 'Yan sanda suna da sashe na musamman, DOVVSU, don irin wannan ƙara. In abin na gaggawa ne ki kira 112. Dattawan ikkilisiya kuma su ji: mai da mace ɗakin da ake dukanta da kalmar "haƙuri" kaɗai, ba tare da an tsawata wa mijin an kuma bi sawu ba, ba sulhu ba ne.

Rigimar WhatsApp da Facebook fa, musamman lokacin zaɓe?

Ba wanda ya taɓa barin jam'iyyar NDC ya koma jam'iyyar NPP, ko ya bar NPP ya koma NDC, don an zage shi a waya. Kada ka aika saƙon murya kana huci, ba ya dawowa, kuma za a tura wa wanda ba ka zata ba. Rubuta amsar in ka ga dama, ka bar ta ta kwana. In na ɗan ikkilisiya ne, kira shi ku yi magana baki da baki.

Zafin zuciya a jininmu yake, haka babana yake. Na yi addu'a, ban canja ba.

Musa ya kashe Bamasare cikin fushi. Daga baya Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce ba mai tawali'u kamarsa a duniya. Amma a sura ta 20, da jama'a suka ishe shi da gunaguni, ya kira su 'yan tawaye ya bugi dutse sau biyu maimakon ya yi masa magana, wannan kuwa ya hana shi shiga ƙasar alkawari. Mutum yana canjawa ƙwarai, tsohon halin kuma yana nan yana jiran ranar gajiya.

Don haka ci gaba da addu'a, amma ka haɗa da lura. Yaushe ka fi fashewa? Da yawa za su tarar da yamma ne bayan cunkoson hanya, ko da yunwa, ko ƙarshen wata in aljihu ya bushe, ko bayan kwana biyu ba barcin kirki saboda zafi da ɗaukewar wuta. In ka san haka, kada ka buɗe zancen kuɗin makaranta da matarka kana shigowa gida. Ci abinci, yi wanka tukuna. In kana taɓa barasar akpeteshie ko ƙwayar tramadol, ba sai an yi dogon bincike ba, fara daga nan. Dubi kuma waɗanda kake zama da su, domin Karin Magana 22:24-25 ta ce mai abota da mai zafin rai yakan koyi halinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka shirya tun yau kalmar da za ka faɗa in an taɓo ka, ka kuma sami wani dattijo da zai riƙa tambayarka kowane mako yadda aka ƙare. In fushin ya kai kana fasa kaya ko ba ka tuna abin da ka yi, ga likita. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

In na ga ana faɗa, in shiga in raba?

In ka san su kuma suna jin maganarka, ka janye wanda ya fi kusa da kai, ka fitar da shi daga idon jama'a. Kada ka riƙe hannun ɗaya alhali ɗayan yana dukansa. In akwai wuƙa ko kwalba, ko ba ka san kan zancen ba, kira manya ko 'yan sanda. Karin Magana 26:17 ta ce mai tsoma baki a faɗan da ba nasa ba kamar mai kama kare a kunne ne.

Na riga na yi zagin, har na kai hannu. Yanzu fa?

Matiyu 5:23-24 ya ce in kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Kai za ka je, ko da shi ya fara. Ka faɗi naka laifin da sunansa: "Baba, na zage ka a gaban mutane, ban kyauta ba, ka gafarce ni." Kada ka liƙa masa "amma kai ma", wannan takan rushe duk abin da ka faɗa kafin ta. In a gaban jama'a ka ci mutuncinsa, ban haƙurin ma ya kamata wasu su ji. In ka fasa masa waya ko ka ji masa rauni, ka biya. In ya girme ka ko abin ya yi tsanani, ka tafi da wani babba ya yi maka jagora, yadda muka saba. Yana iya ƙin karɓa a ranar, ka ba shi lokaci, ka ci gaba da gaishe shi.

Na yafe, amma ya ci kuɗina kuma ba ya da niyyar biya. Kirista zai iya kai ƙara?

Zai iya. Yafewa tana cire ƙiyayya da niyyar ramuwa, ba ta soke bashi sai in kai ka ga dama ka bar shi. In ɗan'uwa ne a cikin bangaskiya, 1 Korantiyawa 6 ta ce a fara neman masu hikima a cikin ikkilisiya su sasanta, kada a ruga kotu. In ba haka ba, ko ya ƙi sauraron dattawa, a gwada sarkin zongo ko shugabannin kasuwa ko na tasha, gwargwadon inda abin ya faru. Dokar sasanta rikici ta 2010 ta amince da sulhun da aka yi a wajen kotu, har da na gargajiya in ɓangarorin biyu sun yarda, kotuna da yawa kuma suna da masu sulhu da ake tura ƙananan ƙararraki wurinsu kafin a kai ga alƙali. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Taimakon Shari'a.

Abin da ba naka ba shi ne ka tara samari ku je ku kwashe masa kaya a shago, ko ka sa hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo. Yin haka yakan mai da mai bin bashi ya zama wanda ake tuhuma. Ka tattara shaidarka, saƙonnin tura kuɗi ta waya (MoMo), takardar da kuka sa hannu, sunayen waɗanda suke wurin ranar da ka ba shi, ka tafi da su wurin zaman. In an yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, a rubuta adadi da ranaku, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa kuma ya riƙe kwafinsa.